Tambaya da Amsa: Wai Mage Ta San Mai Ita Kuwa, Ko Kwanon Abinci Kawai Ta Sani?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin mage ne suka cika akwati, shi yasa nace bari mu ajiye maganar kaji da awaki zuwa fitowa ta gaba mu ba kyanwa filinta. Waɗanda suka yi kama da juna na haɗe su wuri ɗaya, masu tsawo kuma na ɗan rage, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Dan Allah inada wata mage tun tana 'yar mitsitsiya na tsince ta a bayan katanga, ni ke bata abinci, ni ke kwashe mata kashi, ni ke komai, amma wallahi da zarar maigidan ya dawo daga kasuwa ya zauna a tabarma sai kaga ta je ta haye cinyarsa ta kwanta, shi da ko kallonta baya yi, ni kuma in na ɗauke ta sai ta fizge ta gudu. Surukata tace dama mage butulu ce bata san mai ita ba, gida kawai ta sani da kwanon abinci. Wai haka ne? Abin yana min ciwo gaskiya.
Daga wata uwargida, Tudun Wadan Zariya

AMSA: Uwargida sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Amma kinga a cikin saƙon naki kin riga kin ba kanki amsa baki lura ba. Kin ce shi ko kallonta baya yi, ke kuma ɗaukarta kike yi. To ai nan gizo ke saƙar.

Mu muna kallon mage a matsayin mai farauta, mai kama ɓera, sai mu manta ita ma abin farauta ce, kare na binta, yara na jifanta, in tana ƙarama shaho ma sai ya sure ta. Dabbar da ta taso a haka kullum lissafinta ɗaya ne, ina hanyar gudu in abu ya taso. Lokacin da kika sunkuyo daga sama kika ɗaga ta, ƙafafunta huɗu duk sun bar ƙasa, babu hanyar gudu, ke a ranki soyayya kike nunawa ita kuma a nata ran an kama ta ne. Haka zuba mata ido, a wurin maguna ƙura wa juna ido neman faɗa ne. Shi kuwa maigidan ya zauna ƙasa, baya motsi, baya kallonta, baya kai mata hannu, ga cinya da ɗumi. Ita ta zaɓi ta je, kuma ta san in ta ga dama ta tashi ba mai riƙe ta. Shi yasa zakiga a cikin baƙi goma wanda baya son mage shi take zuwa ta goga wa jiki, yana tsaki tana ƙara matsowa.

Maganar Hajiya surukarki kuma, da girmanta da komai, ba ita kaɗai ke faɗin haka ba, har Turawan ma sun daɗe suna faɗi. Amma a 2019 wasu masu bincike a Jami'ar Jihar Oregon da ke Amurka, ƙarƙashin wata mata Kristyn Vitale, suka gwada abin. Gwajin da ake yi wa jarirai da iyayensu mata shi suka yi wa maguna. A kai mage wani ɗakin da bata taɓa shiga ba tare da mai ita na minti biyu, sai mutumin ya fita ya bar ta ita kaɗai minti biyu, sannan ya dawo. Abin da ake kallo shine me zata yi in ya dawo. Kusan kashi 65 cikin 100 da mai su ya shigo sai hankalinsu ya kwanta, su zo su gaishe shi sannan su ci gaba da zagaya ɗakin suna shinshine-shinshine suna dawowa wurinsa jefi-jefi. Kusan adadin da ake samu a jariran mutane kenan. Sauran kuma wasu sun liƙe wa mutumin sun ƙi sakinsa, wasu suka share shi. Lura fa, ba a gidansu aka yi gwajin ba kuma ba kwanon abinci a wurin, to in gida da kwano kawai suka sani me ya kwantar musu da hankali?

Kafin wannan ma a 2017 su dai waɗannan mutanen sun ajiye wa maguna zaɓi bayan an ɗan bar su da yunwa, ga abinci, ga abin wasa, ga wani abu mai ƙamshi, ga kuma mutum da zai yi hulɗa da su. Kusan rabi mutum suka zaɓa, waɗanda suka fi son abinci kashi 37 ne. A Japan kuma a 2019 an nuna suna bambance sunansu da sauran kalmomi, sai dai amsar tasu kunne ne ke motsi ko ta ɗan juyo da kai. Wato tana jinki sarai in kin kira, zuwan ne sai ta ga dama.

Abin da ke ruɗa mutane shine muna auna ta da ma'aunin kare. Kare asalinsa dabbar garke ne, bin shugaba a jininsa yake. Mage kuwa kakanta muzurun daji ne na Afirka da Gabas ta Tsakiya, irin wanda har yanzu ake samu a dazukanmu na Sahel, kuma shi kaɗai yake yawonsa, shi kaɗai yake farauta. Ba wanda ya je ya kamo shi ya ɗaure, mutane ne suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka taru a rumbu, shi kuma ya biyo ɓeraye ya ga zaman ya yi masa ya zauna. A tsibirin Saifurus an tono kabarin wani mutum da aka binne da mage a gefensa, shekara wajen 9,500 da suka wuce. Tun farko da ƙafarta ta zo, har yau kuma a haka take son a bar ta.

In kina son sanin matsayinki a wurinta ga abin dubawa. In kin fito da safe tana tahowa wutsiya a miƙe sama ƙarshen ya ɗan lanƙwasa? Gaisuwa ce wannan, kuma ba kowa take yi wa ba. Tana goga kumatunta a ƙafarki? A kumatu da haɓa da goshi tana da wuraren da ke fitar da wani wari da hancinmu baya ji, shafa miki shi take yi, kin zama 'yar gida kenan. Tana kwanciya a kan zaninki ko ta juya miki baya ta yi barci? Ba raini bane, wanda bata yarda da shi ba bata juya masa ƙeya. Shi kansa miyau-miyau ɗin, manyan maguna ba kasafai suke yi wa junansu ba, yaro ke yi wa uwa, sai kuma mu mutane da suka gano in sun yi muna tashi.

Abin yi mai sauƙi ne amma sai da haƙuri. Ki daina ɗaukarta gaba ɗaya na wani lokaci. Ki zauna ƙasa kina tsinar shinkafarki ko kina danna waya, in ta matso ki miƙa ɗan yatsa ɗaya ta shinshina, in ta goga kumatu ki sosa mata haɓa kaɗan ki janye hannu tun bata gaji ba. In kun haɗa ido ki lumshe naki a hankali ki buɗe ki kau da kai. Ba wasa nake ba, a Jami'ar Sussex ta Ingila an gwada wannan a 2020, maguna sun fi mayar da lumshewar kuma sun fi matsowa wurin wanda ya yi musu ko baƙo ne. Maigidan dai kar ki yi kishi da shi, bai san ma yana yin komai ba.

TAMBAYA: Salam Likita. Muzuruna in ina shafa shi yana ta wannan kurrr ɗin na jin daɗi, har ya kwanta ya buɗe min ciki, ina kai hannu sai ya cafke ni da haƙori da farce. Jiya har jini ya fitar min. Abokaina sunce munafuki ne in yar da shi.
Daga wani ɗalibi, Maraɗi

AMSA: Ƙanena kar ka yar da shi, kace wa abokan naka ba kyanwar Lami ka ajiye ba, wannan yana cizo yana yaƙushi. Kuma ya gargaɗe ka kafin ya cije ka, baka ji yaren bane.

Buɗe ciki ba gayyata bace. Cikin nan shine wurin da ya fi tsoron a taɓa domin nan kayan cikinsa suke ba ƙashin da ya kare su, in ya buɗe a gabanka yana nuna maka ya saki jiki da kai ne, kai kuma sai ka kai hannu daidai inda ya amince ba za ka taɓa ba. Akwai 'yan tsirarun da ke son shafar ciki, amma yawanci a'a. Ka tsaya a kumatu, haɓa, da gindin kunne.

Sannan ko a bayan ma shafar in ta yi yawa tana komawa ta dame shi. Ka riƙa kallon wutsiya, in ta fara bugun ƙasa fat fat to ba murna bace irin ta kare, haushi ne ke taruwa. Kunnuwa su juya gefe ko su kwanta baya, fatar baya ta riƙa motsi, baƙin idon ya buɗe, ya daina kurrr ɗin ya waiwayo yana kallon hannunka, duk wanda ka gani a ciki cire hannu kawai. Shi kansa kurrr ɗin ba kullum yake nufin daɗi ba, mage na yinsa tana naƙuda, tana yinsa in ta ji ciwo, kamar dai lallashin kanta take.

Ina kuma zargin tun yana ƙarami da hannu kake masa wasa, kana wuntsila shi yana cizon yatsa kana dariya don haƙoran basu da zafi. Toh ya girma da sanin hannu abin farauta ne. Ka samo sanda ka ɗaura tsumma ko gashin kaza a igiya, ka ja a ƙasa ya bi ya kama, minti biyar zuwa goma kullum ya isa. In ya cafke ka kar ka fizge, fizgewa ke ƙara masa ƙaimi, ka sandare hannun har ya saki ka tashi ka ba shi wuri. Duka kuwa ba abin da yake koya wa mage sai tsoronka.

Maganar jinin nan ita ta fi damuna. Haƙorin mage siriri ne, yana shiga can ciki bakin ciwon ya rufe da datti a ciki, shi yasa cizonta ke saurin kumbura, musamman a hannu. Duk cizo ko yaƙushin da ya fasa fata a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a je asibiti. Ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗauka ba, mage mai yawon waje ma tana iya ɗauka, in ba a taɓa yi masa rigakafi ba ka faɗa wa ma'aikatan asibitin haka, kuma ka kai shi ofishin likitan dabbobi a yi masa.

TAMBAYA: Likita ni abu biyu ne. Kyanwata kullum na shimfiɗa sallaya sai ta zo ta kwanta a kai, wani lokacin har ta sha ruwan alwala in na bar shi a kofi. Na biyu kuma sai ta kashe ɓera ko ƙadangare ta kawo min har bakin gado ta ajiye bata ci ba. Jikana yace in rage mata abinci don ta riƙa cinye abin da ta kama.
Daga wata Hajiya, Gwammaja Kano

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Na sallaya dai ba wani abin mamaki a ciki. Sallayar nan da laushi, warinki ya kama ta fiye da komai a ɗakin, kuma lokacin ne kike ƙasa daidai tsayinta, a natse, ba hayaniya ba kai-kawo. Duk abin da mage ke so a wurin mutum ya haɗu a wuri ɗaya. In tana takura miki ki shimfiɗa mata wani tsohon ɗankwalinki a gefe, da yawa suna komawa can.

Ruwan kuma akwai hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda aka zuba masa ruwan alwala mage ta zo ya karkata mata ƙwaryar ta sha, ya kuma faɗi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yace ita ba najasa bace, tana cikin masu kewaya ku a gida. Fitsarinta da kashinta ne sai an wanke.

Ɓeran da take kawowa, za ki ji ana cewa kyauta ce, ko wai tana koya miki farauta kamar yadda uwa ke kawo wa 'ya'yanta. Ni abin da na fi yarda da shi shine mage na kai abin da ta kama inda ta fi jin aminci, inda ba mai ƙwace mata, sai ta iso ta tuna ai ciki a ƙoshe yake ta ajiye. Ko wanne ne dai bakin gadonki ne wurin amincin. Kar ki yi mata tsawa, a kwashe da leda a yar.

Shawarar jikan nan kuwa ban karɓa ba. Farautar mage ba yunwa ce kaɗai ke sa ta ba, motsi take gani jikinta ya tashi, ga shaida nan ai tana kashewa bata ci. Mai ƙoshi ta fi ƙarfi da haƙurin laɓe a bakin rami, mai yunwa kuwa gidan maƙwabta zata koma ko ta fara buɗe tukunya a ce ta zama ɓarauniya. Kuma kin san hadisin matar da ta shiga wuta kan magen da ta tsare bata ciyar da ita ba bata sake ta ta nema ba. Rashin cin ɓeran ma alheri ne, in akwai mai sa shinkafar ɓera a unguwar, ɓeran da ya ci guba shi ne mai sauƙin kamu, in ta cinye shi ita ma gubar ta shige ta. Abincin kuma a riƙa haɗawa da ɗan kifi ko nama ko dafaffen ƙwai, tuwo zalla baya riƙe mage, kuma a kiyaye mata miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini.

TAMBAYA: Malam Likita, muna da baƙar mage a gidan haya, kwanan nan da dare sai ta yi ta wani irin kuka kamar jariri tana birgima a ƙasa, idonta na walƙiya a duhu, wasu muzurai na taruwa a kan katanga. Matan gidan sun tsorata sunce ba mage bace a kore ta.
Daga wani magidanci, Sakkwato

AMSA: Malam mage ce, kuma miji take nema. Kukan nan mai tsawo, birgima, ɗaga ƙugu da kauda wutsiya gefe in an taɓa bayanta, da muzuran da suka yi layi a katanga, duk alamar lokacin barbararta ne ya zo. Suna iya farawa tun suna wata biyar zuwa shida, wasu ma huɗu, abin ya ɗauki kamar mako guda, in bata samu ciki ba ya dawo bayan sati biyu zuwa uku. In ta samu, bayan kwana 63 zuwa 65 sai ka ji 'yan ƙananan muryoyi a bayan buhun gawayi.

Idon kuma, a bayan idonta akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ke taimaka mata gani a duhu. Ka ɗauki tocila yau da dare ka haska akuyar gidan a gaban matan, idonta ma zai yi walƙiya, ban taɓa jin an kori akuya kan haka ba. Baƙin gashi launi ne kawai, uwa ɗaya sai ta haifi baƙa da fara da mai rodi-rodi a ciki ɗaya.

Ko ba lokacin barbara ba mage ta fi kuzari da magariba da kuma asuba, lokacin da ɓeraye ke fitowa kenan, a kwana ɗaya kuma takan sha barcinta awa 12 zuwa 16. In kukan da yawan haihuwar sun ishe ku akwai aikin da ake yi na tsayar da haihuwa, asibitocin koyarwa na dabbobi irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan kusa da kai da na Ahmadu Bello a Zariya suna yi. Abin da bana so shine a sa ta a buhu a kai bayan gari a yar, dabbar da ta saba da mutane ba daɗewa take a can ba.

TAMBAYA: Likita bikina saura wata ɗaya kuma inaso in tafi da magena gidan miji, shi ya yarda. Amma Umma tace ɓata lokaci ne, da muka taɓa tashi daga tsohon gidanmu magen da muke da ita lokacin komawa ta yi can.
Daga amarya mai jiran gado, Kaduna

AMSA: Amarya Allah ya sanya alheri ya ba da zaman lafiya. Umma ta yi gaskiya rabi. Mage na shaƙuwa da mutum tana kuma shaƙuwa da wuri, kowane lungu na gidan ta shafa masa warinta, ta san inda zata ɓuya da inda zata haye. Sabon gida kuwa ba warinta ko ɗaya, wata ƙila ma warin wani muzurun ne a katangar. In aka sauke ta a tsakar gida aka bar ƙofa a buɗe dole ta nemi inda ta sani, musamman in tsohon gidan ba nisa.

Kar ki kai ta ranar kai amarya, guɗa da taron nan da hayaƙin turaren wuta sun isa su sa ta haura katanga tun a daren. Ki bari sai baƙi sun watse gida ya yi shiru. A ɗauko ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji, da tsumman da take kwanciya a kai, kuma kar a wanke shi, warin ake so. Ki ware mata ɗaki ɗaya, ko sito ne in yana shan iska, ruwa da abinci a gefe ɗaya, robar yashi ta bayan gida a ɗaya gefen nesa da abincin. Ita ma amaryar ce, a bar ta a ɗaka tukuna. In ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa kwana biyu kar ki jawo ta, shiga ki zauna ki yi ta hirarki a waya ta ji muryarki. In ta fara goga kumatu a ƙafar kujera da bakin ƙofa to ta fara karɓar gidan, sai ki buɗe mata sauran ɗakunan. Waje kuwa sai bayan sati biyu zuwa uku, ranar farko da safe kafin ta ci abinci, ki bar ta ta ɗan zagaya sannan ki kaɗa kwanonta ta dawo.

TAMBAYA: Magenmu ta haihu guda huɗu, yara suka taɓa su, washegari ta kwashe su ta canza wuri kuma ɗaya ya ɓata. Ance in an taɓa 'ya'yan cinye su take yi. Mu hana yaran kenan gaba ɗaya?
Daga Maman yara, Jos

AMSA: Maman yara, canza wuri ɗabi'arsu ce ko ba a taɓa ba, in wurin ya yi hayaniya ko haske ko ya fara wari sai ta kwashe su. Cin ɗa yana faruwa amma ba yawa, kuma galibi wanda aka haifa a mace ne ko maras lafiyar da ba zai rayu ba, ko uwar ta shiga firgici mai tsanani. Ki duba tsohon wurin da kyau, wani lokacin wajen jigila take barin ɗaya.

Sati biyun farko a bar su da uwarsu, idonsu ma sai wajen kwana bakwai zuwa goma yake buɗewa. Amma daga sati biyu zuwa bakwai, nan ne ake gina halin mage na duk rayuwarta. Wadda aka riƙa ɗauka a hankali a wannan tsakanin, hannu daban-daban, maza da mata da yara, 'yan mintoci kullum, ita ke tashi mai son mutane. Wadda ta wuce wannan lokacin bata ga hannu ba ita ce za ki ciyar shekara tana miki huci. Saboda haka kar ki hana yaran, ki zauna tare da su, a zaune a ƙasa, ba ɗagawa ta wuya ba gudu da su, in uwar ta nuna damuwa a mayar mata. Kuma in za a bayar da su a bari su kai aƙalla sati takwas, sha biyu ya fi, a wurin uwa da 'yan uwa suke koyon cizon wasa da na gaske. Madarar shanu ko ta gwangwani kuma zawo take sa yawancinsu.

TAMBAYA: Likita muzuruna mai son mutane ne sosai amma kwana biyu ya koma ɓuya a bayan firij, baya cin abinci, ya yi fitsari kaɗan a kan katifata abin da bai taɓa yi ba. Fushi yake dani don na yi tafiya? Na yi niyyar jiƙa masa rabin farasitamol.
Daga wani matashi, Zangon Kumasi

AMSA: Ɗan uwa ajiye farasitamol ɗin nan, ko ɓari kar ka ba shi. Hantar mage bata iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana kashe ta. Haka maganin ƙuma na karnuka da fiya-fiya, kar su taɓa jikinsa.

Ba fushi yake ba, mage bata ramuwar gayya da fitsari. Dabba ce mai ɓoye ciwo, sai abu ya yi nisa kake gani, kuma alamar farko ita ce wannan canjin halin, mai son mutane ya koma lungu. Ka lura da shi yanzu, in yana yawan tsugunawa yana yunƙuri fitsarin na fitowa ɗigo-ɗigo ko da jini ko baya fitowa sam, yana lasar gabansa yana kuka, to mafitsara ce ta toshe, abin da ya fi samun maza saboda hanyar fitsarinsu siririya ce, kuma yana iya kisa cikin kwana biyu zuwa uku. Ko ba haka ba, mage ta kwana biyu bata ci ba magana ce ta asibiti. Ka sa shi a kwali ka kai shi wurin likitan dabbobi yau, kar ka jira gobe.